Gidan Ƙasa da Jinka a Ingila: Doka Ke Tsare Shi ko Hannun Magini?

Gabatarwa

A kudu maso yammacin ƙasar Ingila akwai wata gunduma da ake kira Dorset. A cikinta, kimanin mil 3 daga garin Dorchester, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Higher Bockhampton, wanda gidajensa ba su da yawa. A ƙarshen hanyar ƙauyen, daf da bakin wani kurmi, akwai wani ƙaramin gida mai bangon ƙasa da rufin ciyawa. An gina shi a shekarar 1800, kuma har yanzu yana nan tsaye, duk da cewa ƙasar Ingila ba ta rabo da ruwan sama, rani da damina. A wannan gida aka haifi marubucin nan Thomas Hardy ranar 2 ga watan Yuni, 1840. A nan ya girma, a ɗan ƙaramin ɗakinsa na sama kuma ya rubuta littattafansa biyu na ƙagaggun labarai, wato Under the Greenwood Tree na 1872 da Far from the Madding Crowd na 1874. Kakan mahaifinsa ne ya gina gidan domin ɗansa, kasancewar gini sana'ar gidansu ce ta gado.

Wanda duk ya ji cewa gidan ƙasa ya haura shekara 220 a ƙasa mai yawan laima irin wannan, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ƙarfin dokar Turawa. Ra'ayin wannan maƙala ya saɓa wa haka. Doka ta yi rawar gani, babu shakka, domin ta hana rushewa da gangan. Amma doka ba ta hawa jinka, ba ta kwaɓa ƙasa, ba ta toshe tsaga. Abin da ya riƙe wannan gida da ire-irensa shi ne hannun masu sana'a da ke komawa gare shi lokaci bayan lokaci, kuma a nan ne tsarin kariyar Ingila ya fi rauni.

Yadda Aka Gina Gidan

Turawan wannan yanki suna kiran irin wannan gini kob. Ƙasa ce ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasar noma, mai yumɓu da tsakuwa, a yankin Dorset kuma sau da yawa a haɗa ta da alli, domin shi Allah Ya hore wa wurin. Sai a zuba ruwa, a watsa karan alkama, mutane ko shanu su tattake har ta kama jikinta. Bambancinsa da ginin Hausa shi ne ba a yin tubali. Ana ɗibar kwaɓaɓɓiyar ƙasar ne da cebur mai yatsu a jibga bisa bango, magini yana tsaye a kai yana dannewa da ƙafa. In an ɗora kimanin ƙafa biyu sai a dakata, a bar wannan sahu ya sha iska ya bushe, a sassaƙe gefensa ya daidaita, sa'an nan a ɗora na gaba. Saboda haka gini ne da ba ya son gaggawa. Kaurin bangon yakan kai ƙafa biyu, shi ya sa tagogin irin waɗannan gidaje suke ƙanana, suke kuma lume a cikin bango, har mutum yakan sami wurin zama a bakin taga.

Mutanen Devon, maƙwabtan Dorset, suna da wata tsohuwar magana mai nuna cewa bangon ƙasa ba ya bukatar komai sai hula ta ƙwarai da takalmi na ƙwarai. Takalmin shi ne harsashin dutse ko na jan bulo da ake fara ɗagawa sama da ƙasa kafin a soma jibga kwaɓi, don kada danshi ya tsotso daga ƙasa. Hular kuwa ita ce jinka mai kauri, wadda leɓenta ke zarce bango sosai, ta yadda ruwa zai zuba nesa da gindinsa. Tsakanin hula da takalmi sai shafen farar ƙasa, wanda ake sabuntawa a kai a kai. A gidan su Hardy an ƙara wa wasu sassan bangon fuska ta jan bulo daga baya, domin ƙarin kariya daga ruwa.

Cikin gidan ma ba shi da wani ƙawa. A ƙasa akwai ɗakin zama mai babban murhu da daɓen fale-falen duwatsu. Akwai wani ɗan lungu inda mahaifin Hardy yake lissafin aikinsa, yana miƙa wa ma'aikatansa lada ta wata 'yar taga. Matakala mai tsauri ce ke kai mutum sama, inda ƙananan ɗakunan kwana suke a ƙarƙashin jinkar kanta, dogon mutum sai ya sunkuya. Babu wani mai zanen gini da ya zana wannan gida a takarda. Ilimin yana kan magini ne, kayan aikin kuma daga gona da kurmi da ramin da ke kusa aka samo su.

Kalmar da Ta Sauya Riga

Ga ɗalibin harshe akwai abin lura a cikin sunan da ake kiran irin wannan gida da Ingilishi, wato kotej. A asali kalmar tana nufin mazaunin talakan ƙauye wanda ba shi da gonar kirki, yana yi wa mai ƙasa ƙwadago. Kalma ce da ke ɗauke da warin talauci, kusan yadda Bahaushe zai ji idan aka ce wane a bukka yake kwana. Yau kuwa idan Bature ya ce yana da kotej a ƙauye, alfahari yake yi, yana nufin yana da kyakkyawan gidan hutu mai furanni a ƙofa. Kalmar ba ta canza sauti ba, gidan bai canza siffa ba, mazauna cikinsa ne suka canza, ma'ana kuma ta bi su.

Wajibi ne a tsaya a kan wannan, domin kyan jinka yana iya rufe ido. Dorset ta ƙarni na 19 tana cikin gundumomin da aka fi biyan leburorin gona ƙaramin lada a Ingila. A ƙauyen Tolpuddle, 'yan mil kaɗan daga gidan su Hardy, an kama leburori shida a shekarar 1834 saboda sun kafa ƙungiya sun yi rantsuwar asiri, lokacin da ladansu ya faɗo zuwa sule 7 a mako, ana kuma shirin mayar da shi 6. Aka yanke musu hukuncin kora zuwa Ostireliya na shekara bakwai, sai da jama'a suka tayar da ƙura sa'an nan aka yafe musu a 1836. Irin waɗannan mutane su ne mazauna gidajen ƙasa da jinka: iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, rufi na yoyo, gidan kuma ba nasu ba. Iyalin Hardy sun fi su hali, tun da su masu sana'a ne da ke ɗaukar ma'aikata, amma su ma gidan suna riƙe da shi ne bisa wata irin yarjejeniyar haya da ke ɗaure da rayuwar wasu mutane da aka ambata, in na ƙarshe ya rasu gida ya koma hannun mai ƙasa. Hardy ya san zafin wannan tsari. A littafinsa Tess of the d'Urbervilles na 1891, mutuwar uba ita ce ta jefa iyali a titi, domin hayar gidan ta ƙare da numfashinsa.

A daidai lokacin da talakawa ke gudu daga waɗannan gidaje zuwa birane, masu zane irin su Helen Allingham suna zana su cikin launuka masu daɗi, da yara masu ƙoshi a bakin ƙofa. Wannan hoto shi ya zauna a zukatan mutane, shi ake bugawa a kwalin alewa. Har a gidan su Hardy ma, lambun furannin da baƙi ke ɗaukar hotonsa a yau ba haka filin yake ba sa'ad da mahaifinsa ke ajiye kayan gini a wurin, kuma kayan ɗakin da ke ciki na zamanin ne, amma ba na iyalin ba ne. Wannan ba ha'inci ba ne, tun da ba a ɓoye wa kowa ba. Sai dai yana nuna cewa adana gida ya fi adana rayuwar da aka yi a cikinsa sauƙi.

Daga Ina Kariyar Ta Faro?

Ba gwamnati ce ta fara ba. A shekarar 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, kuma abin mamaki shi ne ba masu rushewa suka fi damun su ba, masu gyara ne. A wancan zamani akan kankare tsohuwar coci, a cire duk abin da ƙarnoni suka ƙara mata, a sake ƙera ta yadda mai zane yake zaton ta kasance tun farko. Morris ya ga wannan ƙarya ce da aka gina da dutse. Abin da ƙungiyarsa ta koyar shi ne a riƙa kula da gini kullum, a gyara abin da ya lalace kaɗai, da irin kayansa, kada a jira sai ya ruɓe a zo ana neman yi masa sabuwar haihuwa. Hardy kansa ya san wannan aiki ciki da waje. Tun yana ɗan shekara 16 aka kai shi koyon zanen gini wurin John Hicks a Dorchester, inda yawancin aikinsu sabunta coci-coci ne. Daga baya ya shiga ƙungiyar Morris, kuma a 1906 ya rubuta mata takarda yana nuna nadamar hannun da ya sa a irin wancan gyara.

A 1895 Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley suka kafa National Trust, ƙungiya mai zaman kanta da ke riƙon amanar wuraren tarihi da filaye domin jama'a. Ginin farko da ta saya ba fada ba ce. Wani tsohon gida ne mai jinka a ƙauyen Alfriston na Sussex, wanda ya kusa faɗuwa, ta saye shi fam 10 a 1896. Dokar majalisa ta 1907 ta ba ƙungiyar ikon ayyana dukiyarta a matsayin wadda ba a sayarwa, ba a jinginarwa, abin da ya yi kama da waƙafi a shari'ar Musulunci. Gidan su Hardy ya shiga hannunta a 1948, shekara ashirin bayan rasuwarsa.

Kafin nan, a 1927, shekara guda kafin ya rasu, Hardy ya sa hannu a wani kiran neman taimako domin ceton tsofaffin ƙananan gidajen ƙauye, tare da Firayim Minista Stanley Baldwin. A ɗan bayanin da ya rubuta ya tuna yadda ya ga ana kwaɓa ƙasa ana ɗora irin wannan gini yana yaro, ya kuma nuna cewa waɗanda aka mayar gidajen bulo masu siririn bango sun fi jin sanyi. Duk da haka dokar gidaje ta 1930, wadda aka yi domin kawar da matsugunan da ba su dace da zaman ɗan Adam ba, ta yi sanadin rushe gidajen ƙauye masu yawa. Ba za a ce masu wannan doka mugaye ba ne. Sun ga tarin fuka da laima da cunkoso, suka ga maganin abin shi ne sabon gini. Gidan su Hardy ya tsira ne domin an haifi shahararren mutum a cikinsa. Gidajen maƙwabta da magina iri ɗaya suka ɗora ba su da wannan gata.

Barnar da bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka yi ita ta sa gwamnati ta shigo da ƙarfi. Dokokin tsara birane da karkara na 1944 da 1947 suka kawo tsarin rajistar gine-ginen tarihi. A farko masu zagayen rajista sun fi kallon coci da gidajen masu sarauta, ƙananan gidaje ba su cika shiga idonsu ba, sai da aka sake zagaye ƙasar a shekarun 1980 sa'an nan da yawa daga cikinsu suka sami shiga. A yau dokar 1990 ce ginshiƙin tsarin, hukumar Historic England kuma ita ke ba gwamnati shawara tana kula da rajistar. Gine-ginen da ke ciki sun kusa 400,000, an kasa su mataki uku: na ɗaya, na biyu mai tauraro, da na biyu. Fiye da kashi 90 cikin 100 suna mataki na ƙarshe ne, nan kuma mafi yawan ƙananan gidajen ƙauye suke. Da zarar gida ya shiga rajista, mai shi ba ya da ikon rushe shi ko sauya wani abu da ya shafi siffarsa ta tarihi, ciki ko waje, sai da izinin ƙaramar hukuma. Wanda ya yi gaban kansa ya aikata laifi, ana iya cin sa tara marar iyaka, ko a ɗaure shi har shekara biyu.

Abin da Doka Ba Ta Yi

Wannan tsari abin yabo ne a wuri guda musamman: ya yarda cewa gidan magini da na lebura tarihi ne, kamar yadda fadar sarki take tarihi. Ba ƙaramin ci gaba ba ne al'umma ta kai ga wannan fahimta. Amma idan aka karanta dokar da kyau za a tarar kusan dukkanta hani ce. Ta ce kada a rushe, kada a sauya. Ba ta ɗora wa mai gida wajibcin gyara kai tsaye ba. Gaskiya ne ƙaramar hukuma tana da ikon aika masa takardar gargaɗi, ko ta yi gyaran gaggawa ta nemi kuɗinta, ko ma ta karɓe gidan ta biya diyya, amma hukumomi ba su cika bin wannan hanya ba saboda tsada da doguwar shari'a. Ke nan mutum ba shi da ikon rushe gidan da gatari, amma yana iya naɗe hannu ya bar wa ruwan sama aikin. Ga gidan dutse wannan sakaci yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya yi kisa. Ga gidan ƙasa 'yan damuna kaɗan sun isa.

Haraji ma bai taimaka ba. Wanda zai gina sabon gida fil a Ingila ba ya biyan harajin saye a kan aikin, amma wanda zai gyara tsohon gida yana biyan kashi 20 cikin 100, kuma ɗan sassaucin da ake yi wa gine-ginen rajista a kan wasu ayyuka an soke shi a 2012. Hatta littafin da Historic England ke fitarwa kowace shekara na gine-ginen da ke cikin haɗari, a wajen Landan ya fi mayar da hankali ne ga matakai biyu na sama. Ƙaramin gidan mataki na biyu yana iya ruɓewa ba tare da sunansa ya fito a ko'ina ba. Gwamnatin da ta hana mutum taɓa tagar gidansa, sa'an nan ta caje shi haraji a kan gyaran rufinsa, ta ba da hannun dama ne ta karɓe da hagu.

Akwai abin da ya fi sakaci muni, shi ne mugun gyara. A tsakiyar ƙarni na 20 masu gidaje da yawa sun shafe bangon ƙasa da siminti, da kyakkyawar niyya, suna ganin sun huta da shafen farar ƙasa na kowace shekara. Abin da ya biyo baya sananne ne ga masana gini. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, yana kumbura yana motsawa kaɗan-kaɗan. Siminti ba ya motsi tare da shi, sai ya tsage, kuma masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya taru a gindin bango yana jiƙa ƙasar a ɓoye, daga waje kuwa komai lafiya lau. Ranar da ƙasar ta kai iyakar abin da za ta iya sha, sai bangon ya zube gaba ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai a shekarun 1990 aka sami farfaɗowar sana'ar ginin ƙasa a Devon, magina suka koma koyon abin da kakanninsu suka sani ba tare da littafi ba.

A wannan gaɓa ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne, domin ƙasa ɗaya ce, halinta ɗaya, ko a Dorset ko a Kano. Bahaushe ya san gidan ƙasa da yaɓe yake rayuwa, ya san makuba da laso, ya san duba indararo kafin faɗuwar ruwa, ya kuma ga yadda shafen siminti ke ɓamɓarewa daga tsohon soro ya fito da rabin bango. Ruftawar wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya a watan Agusta na 2023, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, wadda ta ci rayukan masallata, da faɗuwar tsohon masallacin Birni a Damagaram cikin ruwan watan Satumba na 2024, sun nuna cewa shahara ba ta hana ginin ƙasa faɗuwa. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da Gidan Mambayya suna da masu kula da su saboda sunayen da ke kansu, kamar gidan su Hardy. Soron talaka a cikin lungu ba shi da mai magana da yawunsa. Kuma idan sana'a ta tafi, kalmominta ba sa zama: azara, da ɗaurin guga, da zanko, da shuci, da yanta, da baibaya, duk suna raye ne gwargwadon yadda ake da bakin da ke furta su a bakin aiki.

Ƙorafin Mai Gida

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Gidan su Hardy gidan kallo ne, yana da ƙungiya mai miliyoyin mambobi a bayansa, yana da kuɗin shiga daga baƙi. Mafi yawan gidajen rajista kuwa mutane ne ke kwana a ciki. Mai irin wannan gida yana cewa: sanyi na damun sa, kuɗin ɗumama ɗaki ya yi yawa, yana son taga mai gilashi biyu, jami'in hukuma ya hana. Inshorar gidan jinka ta fi ta sauran gidaje tsada saboda tsoron gobara, musamman inda aka sa murhun itace na zamani mai tsananin zafi a tsohon bututun hayaƙi. Me ya sa shi kaɗai zai ɗauki nauyin abin da aka ce gadon al'umma ne?

Ƙorafin yana da tushe, kuma sakamakonsa a bayyane yake. Gidan da aka gina wa lebura, yau lebura ba ya iya sayensa, ba ya iya riƙe shi. Masu hali daga birane ne ke saye, wasu su zo hutun mako, wasu su ba masu yawon buɗe ido haya, ƙauye ya yi tsit da hunturu, makaranta ta rasa yara. Abin ya kai har an ba ƙananan hukumomin Ingila ikon ninka harajin gida a kan irin waɗannan gidajen hutu daga watan Afrilu na 2025. Sai dai maganin wannan ba sassauta hani ba ne har kowa ya sa tagar roba a bangon shekara ɗari biyu. Idan al'umma ta ce gidan nata ne a tarihi, to ta sa hannu a aljihu: ta cire haraji daga gyara, ta tallafa wa mai ƙaramin ƙarfi, ta biya kuɗin koyar da sababbin magina. Hani ba tare da tallafi ba yana tace masu gida ne kawai, ya bar masu kuɗi.

Rigimar Ciyawa

Babu inda wannan al'amari ya fi fitowa fili kamar a kan jinka. Rufin ciyawa a Ingila iri uku ne. Akwai na dogon karan fadama, wanda asalinsa na yankunan dausayi ne irin su Norfolk, shi ya fi daɗewa, yakan kai shekara 40 ko fiye. Akwai na karan alkama da aka taje aka jera kansa wuri guda, wanda aka san yankin Devon da Dorset da shi. Akwai kuma na karan alkama da aka sussuka aka jiƙa, mai kamannin gashin da ba a taje ba, shi ya fi saurin lalacewa. Kowanne iri aka yi, doron jinkar sai an sabunta shi bayan shekara 10 zuwa 15. Wato rufin da baƙo ke gani a gidan su Hardy ba na 1800 ba ne, ba ma na zamanin Hardy ba ne. An sake shi sau da yawa, kuma za a sake.

Matsalar ita ce karan alkama ya yi wuya. Irin alkamar da manoman zamani ke shukawa gajere ne, domin an ƙirƙiro shi ya ba da ƙwaya, ba kara ba. Takin zamani mai yawa yana sa karan ya yi laushi ya ruɓe da wuri, injin girbi kuma yana farfasa shi. Karan jinka sai an shuka tsohon iri mai tsawo, irin su Maris Widgeon, an yanke shi da tsohon inji mai ɗaure dami, an jingine damunan a gona su bushe. Manoman da ke wannan wahala kaɗan ne, shekarar da ruwa ya ɓata girbi kuwa sai a rasa kara a ƙasar baki ɗaya. Saboda haka masu gida da masu baibaya da yawa suka karkata ga karan fadama, wanda mafi yawansa daga waje ake shigo da shi, daga Turkiyya da gabashin Turai har da Sin. Jami'an adana tarihi sukan ƙi ba da izinin wannan sauyi a gidan rajista, masu gida su ce an matsa musu a kan abin da ido ba ya bambancewa daga nesa.

A nan jami'an sun fi gaskiya, ko da yake dalilinsu ya wuce kyan gani. Al'adar rufin karan alkama ita ce ba a kware tsohuwar jinka duka. Akan cire ruɓaɓɓen saman ne kawai, a ɗora sabon sahu bisa tsohon, a kafe shi da tsinken itace. Ta haka wasu gidaje, musamman a Devon, suka riƙe sahun farko na jinkarsu tun kafin a fara yin bututun hayaƙi, baƙi ƙirin da hayaƙin murhun tsakar ɗaki, shekara ɗari biyar ko fiye. Masana tsirrai sun sami tsofaffin irin alkama da hatsin rai da ciyayin gona a cikin waɗannan sahu, da zangarniyarsu, abin da babu wani kundi da ya adana. Shi kuwa karan fadama akasari a kan katakon rufi ake ɗaure shi kai tsaye, don haka mai aiki yakan kware komai har ƙasa kafin ya fara, tsohon sahun ya tafi juji a yini guda. Amma jami'in da ya ce sai karan alkama, alhali babu wanda ke tallafa wa manomin da zai shuka shi, ya yanke hukuncin da ba shi da ikon zartarwa. Rufin gidan su Hardy na gaba yana gonar wani manomi ne wanda har yanzu bai yanke shawarar ko zai sake shuka doguwar alkama baɗi ba.